Ranar da Na Auna Yaya Buba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin ranar Talata ina zaune a zaure, an kawo mini koko ban kai ga sha ba, sai Umaru, babban ɗan Alhaji Buba Direba, ya yi sallama. Tun daga yadda ya cire takalmi na san abin da ya kawo shi. Umaru mutum ne mai hayaniya kamar ubansa, daga bakin lungu ake jin tahowarsa, amma ran nan shiru ya shigo. Ya durƙusa ya ce, "Baba Sule, sai haƙuri. Baba ya cika ɗazu, bayan ya karya."

Na ce, "Bayan ya karya?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa. Sai da ya shanye furarsa tas."

Na ce, "To, alhamdu lillahi, shi ne. Bai canza ba." Daga nan hawaye ya ci ƙarfina.

Da na ɗan natsa, Umaru ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙullin fata ya miƙo mini. Ya ce mahaifinsa ya daɗe da yi masa wasiyya cewa ran da ya mutu, kafin a kai shi, a kawo mini wannan. Tun suna yara suke ganinsa a ƙasan akwati, kuma mahaifiyarsu, Goggo Dije, ta ce musu laya ce, kada wanda ya taɓa. Ina karɓa na ji nauyinsa a tafin hannuna, na gane. Ba laya ba ce. Guntuwar dalma ce, kuma tawa ce. Shekara hamsin da ɗoriya Yaya Buba yana riƙe mini ita, bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa. A kanta na zauna yin wannan rubutu.

Ga wanda bai san shi ba, Alhaji Buba Bafulatani ne. Iyayensa sun zauna a Koki bayan shanunsu sun ƙare, a nan ya girma, gida uku tsakaninmu. Ni kuma Babarbare ne. Saboda haka wanda ya ga ina tsokanarsa a cikin takardar ta'aziyya kada ya ce tsohon nan ba shi da ta ido. Wasan da ke tsakanin kakanninmu ne, mun yi shi tun ina da gashi baƙi, kuma da zai ji na yi masa rubutu babu tsokana ko ɗaya, da ya ce na fara ruɗewa.

An san Fulani da siranta, amma Allah ya yi ikonsa a kan Yaya Buba. Ƙato ne na gaske, ga tsawo ga kauri ga tumbi. Na sha gaya masa cewa duk naman da aka hana kakanninsa shi aka tara wa. Tela in ya hango shi tafe sai ya fara salati. Keke kuwa sau ɗaya ya taɓa aron nawa, ya dawo mini da shi a kafaɗa. Da duk wannan jiki ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba. In faɗa ya kaure a unguwa, shiga tsakani kawai yake yi ya tsaya, masu faɗan su daina ganin juna, magana ta mutu.

A wancan zamani direba ne a wurin wani Bature injiniya da muke kira Mai Lofe. Baturen nan yana da wata ɗabi'a da muka ɗauka taɓin hankali ce. Yana da jiragen ruwa biyu na tsere, ba na inji ba, na iska. Kowannensu kwale-kwale ne siriri guda biyu a jere, an haɗa su da katako, an shimfiɗa tamfol a tsakani inda mutum zai zauna, ga doguwar sanda a tsaye da ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Mu dai jirgin tagwaye muke ce masa. Duk Lahadi Yaya Buba ke jan su a tirela, ya fita ta Ƙofar Kabuga zuwa wani tafki mai zurfi a bayan gari, inda Turawa da wasu Kwarori ke tsere.

Da farko nasa ja ne da jira a gindin bishiya. Wata rana iska ta yi ƙarfi, abokin hawan Mai Lofe bai zo ba, sai ya yafito direbansa. A nan aka gano amfanin da Allah ya ajiye a jikin Yaya Buba. In iska ta cika ƙyallen, ɓari ɗaya na jirgin ɗagawa yake yi sama yana neman kifewa, sai an sami mai nauyi ya zauna a kansa ya danne. Yaya Buba na zama, jirgi ya nutsu. Daga ran nan bai ƙara jira a gindin bishiya ba. Cikin 'yan shekaru ya iya jan igiya, ya iya juya jirgi, ya iya karanta iska a fuskar ruwa kamar yadda ubansa ke karanta hadari. Abu ɗaya ne bai iya ba: iyo. Iyakar saninsa da tsallake ruwa shi ne yana yaro ya kama wutsiyar saniya ta ja shi.

Wani kafinta mutumin Gabashin ƙasar nan ne ya ƙera jiragen. Lokacin da rikici ya ɓarke gari ya ruɗe, ana farautar mutanen Gabas, Yaya Buba ya kwantar da kafintan da matarsa da 'ya'yansu a kan tirela tsakanin kwale-kwalen, ya lulluɓe su da ƙyallen jirgi, ya ratsa gari da su da rana tsaka ya kai su inda suka tsira. Duk wanda ya tare shi sai ya leƙo ta taga ya ce, "Kayan wasan Bature ne, kana so ka hau?" Bai taɓa ba da wannan labari da bakinsa ba. In an tayar da zancen sai ya ce shi dai tuƙi ya yi.

Da yaƙin basasa ya yi nisa, aiki ya tsaya. Fetur ya yi wuya, jirgin ƙasa sojoji yake ɗauka, samarin unguwa kullum sai an ce wane ya shiga soja. Aka kira Mai Lofe gida. Ya ce wa Yaya Buba ba zai iya tafiya da jiragen ba, ya zaɓi ɗaya kyauta, ɗayan zai ba wani matashin likita ɗan ƙasarsu.

Yaya Buba ya riga ya raɗa wa jiragen suna. Ƙaramin, siriri, fari, na mutum ɗaya, shi ne Barewa. Babban, mai faɗin ciki, na mutum biyu, wanda ya saba dannewa, shi ne Takarkari. Shekara da shekaru yana zaune a kan Takarkari yana kallon Barewa tana wuce su, ransa na biyawa. Ai kuwa bai yi wata-wata ba ya ce Barewa. Mai Lofe ya cire lofe daga baki, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce Barewa ba ta ɗaukar wanda ya wuce laba ɗari biyu. In nauyi ya fi haka, da iska ta turo, hancinta zai nutse ta tuntsura da mutum. Ya ce, "Je ka auno kanka tukuna."

To, a duk Koki wa ke da sikelin da zai ɗauki Yaya Buba in ba ni ba?

Ni a lokacin malamin sikeli ne a rumfar wani mai sayen gyaɗa. Ba zan kama sunansa ba, ya daɗe da rasuwa, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sikelin irin mai faranti ne a ƙasa, a ɗora buhu, a rataya dutsen awo a hannunsa. Dutsen nan an huda shi ta ƙasa an ɗura masa dalma an shafe da baƙin mai. 'Yar dalmar nan kaɗan ce, amma tana sa kowane buhu ya nuna ƙasa da nauyinsa na gaskiya. Manomi zai taho tun daga ƙauye da jakinsa, a auna, ya tafi yana godiya, an ci shi bai sani ba. Ba ni na ɗura ba, na tarar da ita. Amma na sani, kuma kaka biyu ina jan dutsen nan da hannuna.

Ranar Litinin da safe, farkon kaka, sabuwar gyaɗa ta fara shigowa, sai ga Yaya Buba da rakiyar rabin unguwa. Ya tuɓe babbar riga, ya cire takalmi, ya cire hula, ya fitar da goron da ke kumatunsa ya ba wani ya riƙe masa. Ya hau faranti, ya tsuke ciki, ya ce, "Babarbare, auna, kuma ka ji tsoron Allah."

Maigidana na zaune a kan kujera yana kallo. Manoma na tsaye da buhunansu. Babu wani dutse a rumfar sai wannan. Na rataya, na daidaita, na karanta da ƙaramar murya: ɗari da casa'in da biyar.

Wayyo, zo ka ga murna! Ya diro daga sikeli har ƙasa ta amsa, ya rungume ni ya ɗaga sama, ya ce, "Jama'a ku shaida, na rame! Wahalar yaƙi ta taɓa ni!" Ya sa na rubuta a takarda ya kai wa Mai Lofe. Baturen ya juya takardar, ya sake dubansa, ya ɗaga kafaɗa, ya ba shi Barewa. Kwana biyu babu wanda ya huta a Koki. Duk wanda ya gaishe shi sai ya juya masa gefe ya ce a duba wuyansa. Goggo Dije ce kaɗai ba ta karɓa ba. Ta ce, "Ni da nake faɗaɗa wandon nan duk wata, ni za a gaya wa an rame? Allah ya kyauta."

Na lallashi kaina cewa ƙila Baturen ya faɗi haka ne kawai, jirgi ai bai san lissafi ba. Ranar Laraba aka gwada. Damina ta cika wani babban kududdufi kusa da Ƙofar Kabuga, Yaya Buba ya ce a nan zai nuna wa mutanen birni abin da ake kira tsere. Mutane suka cika bakin ruwa, har da mata a kan katanga. Yana hawa na ga Barewa ta zauna, ruwa ya kusa shafe ta. Iska ta ɗan motsa, ta tafi sumul, jama'a suka ɗauki sowa. Sai wata iska mai ƙarfi ta biyo ta kan ganuwa. Hancin jirgin ya soke cikin ruwa, gindinsa ya tashi sama, Yaya Buba ya tafi da ka, tsundum! Da ya miƙe, ruwan iya ƙirjinsa, taɓo ya rufe masa fuska, hularsa na yawo can gefe, agwagi na gudu. Mutane har da masu faɗuwa ƙasa don dariya. Shi ma yana tofar da laka yana ƙyaƙyatawa.

Ni ban yi dariya ba. A kududdufi ya miƙe ya taka ƙasa. Tafkin da za a yi tsere ranar Lahadi kuwa, an ce ko mutum uku suka hau kan juna ba za a ga hannun na sama ba.

Wani dattijo ya ce masa, "Buba, anya jirgin nan bai yi maka kaɗan ba?"

Ya ce, "Haba Baba! Iskar cikin gari ce, karkatacciya ce, gidaje sun lanƙwasa ta. Nauyi kam an auna. Sikelin Sule ba ya ƙarya."

Wallahi da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Ga yadda abin ya tsaya. Mai Lofe zai tashi ranar Asabar. In ya tafi, Takarkari ya zama na likita, babu sauran musanya. Ranar Lahadi Yaya Buba zai hau Barewa shi kaɗai a ruwa mai zurfi, ga hadarin ƙarshen damina da ke tasowa ba sallama, ga shi bai iya iyo ba. In na yi shiru, ina iya kashe shi. In na yi magana, na tona wa kaina asiri cewa ni ɓarawon manoma ne. Ban daɗe da aure ba, aiki ya yi wuya saboda yaƙi, mahaifina kuma mutum ne da ake tashi a ba shi wuri a masallaci. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba, tsoron kunya ya fi na kora daga aiki.

Na bi ta bayan fage tukuna. Ranar Alhamis na ce masa na yi mummunan mafarki. Ya ce in rage cin wake. Na ce ai bai kamata a yi wasa a ruwa ba ana yaƙi, mutane na mutuwa. Ya ce shi ya sa ma, a bar mutane su ga abin dariya. Na ce Goggo Dije na da ciki, ya tausaya mata. Ya ce, "Kai dai faɗi gaskiya, Babarbare, hassada kake yi. Kuna da tafkin Chadi guda amma ko a kwano aka zuba ruwa sai kun yi addu'a kafin ku sha." Abinci ya ƙi shiga mini, matata ta ɗauka zazzaɓi ne.

Ranar Juma'a muka taso daga masallaci tare. Ya sayi rake yana sha muna tafe, yana ba ni labarin yadda zai wuce Turawa. Da muka zo wani lungu babu kowa, na tsaya. Na ce, "Yaya Buba, kada ka hau Barewa. Sikelina ƙarya yake yi." Na gaya masa komai, da dalmar, da kaka biyun, da manoman. Ina magana ina kallon ƙasa, ina jira ya tofa mini yawu.

Da na ɗago, na ga ya saki baki, rake a hannu, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce, "Wato ban rame ba?"

Na ce, "Ko kaɗan."

"Ko laba ɗaya?"

"Ina jin ma ka ƙaru."

Ya jingina da katanga ya ce, "La ilaha illallahu. Dije ta yi gaskiya. Ina zan sa kaina?" Sai dariya ta ƙwace masa, ni kuma kuka ya ƙwace mini, muka tsaya a lungu kamar mahaukata biyu.

Da ya gama, ya share ido, ya jefar da raken. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Sule, ni sau ɗaya aka rage mini, na sha taɓo. Wanda ake rage wa duk kaka, shi da 'ya'yansa me suke sha?" Na fara cewa ai maigida ne ya ɗura. Ya ce, "Shi ya ɗura, kai kake ja. Mabuɗin rumfar na wurinka?"

Yana wurina, kuma ranar Juma'a ba a awo da yamma. Muka shiga, ya kifa dutsen, ya sa ƙusa ya yi ta ƙwaƙula yana gumi har dalmar ta fito. Ya jefa ta a aljihu ya ce, "Wannan ni zan riƙe maka. Muddin ina da rai babu mai ji daga bakina. Ran da na mutu za a dawo maka da kayanka. In ka ga dama ka faɗa, in ka ga dama ka jefa a rijiya."

Na ce, "To Bature fa? Da mutanen unguwa? Me za ka ce musu?"

Ya ce, "Biyo ni ka gani."

Tashar jirgin ƙasa muka nufa, inda ake auna kaya. Ya tara 'yan dako da duk wanda ke wurin, ya hau sikelinsu da rigarsa da komai. Ɗari biyu da talatin. Ya dafe kai ya kwarma salati, ya ce, "Jama'a, na cuci kaina! Tun da aka ce na rame na saki ciki. Tuwo malmala shida, fura ƙwarya guda, safe da yamma. Ga shi cikin sati guda na mayar har da riba!" Wurin ya kaure da dariya. Kafin magariba labari ya zaga Koki. Daga ranar aka laƙaba masa Sati Guda, kuma sunan ya bi shi har Makka, har jikokinsa. Shekara hamsin ana yi masa dariyar haɗama a kan laifin da ba nasa ba, yana taya su. Ba wanda ya taɓa tambayar sikelina.

Mai Lofe na ɗaure kaya muka same shi. Ya saurari labarin awon tasha, ya yi murmushi, ya ba shi Takarkari. A hanyar dawowa na fara yi masa godiya, ya katse ni. Ya ce, "Ajiye godiyarka, ba a gama ba. Takarkari na mutum biyu ne. Ni na cinye nauyin mutum ɗaya da rabi, saura rabin mutum. A duk Kano ban san rabin mutum ba sai kai." Ni kuwa a lokacin in na juya gefe ba a ganina. Na ce masa ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Ya ce hukuncina ke nan.

Ranar Lahadi aka ɗaura mana rigunan da ke hana nutsewa. Tawa ta zagaye ni sau biyu, tasa ta ƙi haɗuwa sai da aka ƙara igiya. Aka busa usur, kowa ya tafi, mu muna nan. Iska ba ta da ƙarfi, Takarkari na jan ciki kamar an ɗora masa kayan ƙaura. Turawa na waiwaye suna ɗaga mana hannu. Ni dai na rungume sandar tsakiya, duk surar da na haddace na karanta, har da waɗanda ban haddace ba. Yaya Buba ko a jikinsa. Yana kallon gabas yana cewa, "Bar su su tafi. Tawa iskar ba ta zo ba tukuna."

Sai ga hadari ya haɗo, ruwan tafkin ya yi baƙi. Iskar na isowa jiragen gabanmu suka fara ɗaga ƙafa. Wani ya kife, wani ya saki igiya ƙyallensa na ta faɗa da iska. Yaya Buba ya matsa can bakin jirgi, ya zuba duk abin da Allah ya ba shi a waje, ya ja igiya ya ɗaure. Takarkari ya yi wata ƙara, ya miƙe, ya fara gudu irin wanda ban taɓa gani ba ko a mota. Ruwa na dukan fuskata, ina ihu, shi yana kirari. Ya ce, "Sule, ja igiyar gaba!" Na ja wata daban. Ya ce, "Ba wannan ba, ɗan Barebari!" Muka wuce su ɗaya bayan ɗaya, yana gaishe da kowa da sannu da aiki.

Na biyu muka zo. Barewa ce ta riga mu, da ɗan siririn likitan nan a kanta, tana tafe kamar ba ta taɓa ruwa. Na ɗauka ransa zai sosu. Ya bi ta da kallo har ta tsaya, ya ce, "Ka ga ta sami mai ita. Da ni ne a kai, da yanzu ana nemana da ƙugiya." Daga baya in saurayi ya zo masa da shawara, ko ta mota ce ko ta sana'a, yakan ce, "Kada ka zaɓi wanda ya burge ka, zaɓi wanda zai ɗauke ka. Amma ka fara sanin nauyinka na gaskiya."

Saura magana ɗaya: me zai hana maigidana sake ɗura wata dalmar? Ranar Litinin da sassafe, manoma sun fara sauke buhuna, sai ga Yaya Buba. Ya ce tun da abin da ya same shi ya same shi, ya ɗau alkawarin auna kansa kullum. Ya hau, na karanta da ƙarfi: ɗari biyu da talatin. Jama'a suka yi dariya, aka ce Sati Guda bai sauka ba. Maigidana ya dubi sikeli, ya dube ni, ya dubi Yaya Buba. Ya gane sarai. Amma duk gari ya san nauyin mutumin nan a sikelin tasha, in namu ya nuna ƙasa da haka, wa zai yarda an sake ramewa? Haka ya riƙa zuwa kowace safiya, kaka bayan kaka, har cinikin gyaɗa ya ja baya. Manoma suka saba, in sun iso sai su zauna a kan buhunansu su ce ba a fara ba sai ƙaton nan ya hau. Su a ganinsu wasa ne.

Takarkari ya yi shekaru yana tsere, ni ma na ƙara hawa sau da yawa, ban dai taɓa daina karatu a kai ba. Da katakonsa ya tsufa, aka raba tagwayen aka mai da su komin tumaki a gidan Goggo Dije. Shi ma mai jirgin tsufa ya zo masa. A 'yan shekarun nan ciwo ya zaftare shi, riga ta koma rataye a jikinsa. Zuwana na ƙarshe ya kama hannuna ya ce, "Babarbare, yanzu kam Barewa za ta ɗauke ni." Na ce ai sai a nemo sikeli a tabbatar. Ya ce, "Ba naka ba." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da aka ɗauko shi bayan azahar, ƙafata ba ta kai ni maƙabarta, amma na roƙa aka tsaya na sa hannu a makarar. Ba nauyi. Samari huɗu suka ɗaga shi kamar ba komai. Na tsaya a ƙofar gida da dalma a aljihu har suka sha kwana.

Ya ba ni zaɓi biyu, kuma akwai rijiya a gidana. Na zaɓi in faɗa. Umaru, kai da ƙannenka ku sani ubanku bai taɓa yin ƙiba a sati guda ba. Goggo Dije, ke ce mai gaskiya tun ranar farko, kuma abin da ke cikin akwati ba laya ba ne, ki yafe mana mu biyu. 'Ya'ya da jikokin manoman da suka kawo gyaɗa rumfarmu a waɗancan kaka biyu, ban san sunayenku ba, amma ina roƙonku gafara don Allah.

Allah ya jiƙan Alhaji Buba, ya gafarta masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Allah ya ba Goggo Dije haƙuri da lafiya, ya haɗa kan 'ya'yansa, ya yi wa zuriyarsa albarka, ya kyautata namu ƙarshen. Ya Ubangiji, ni na taɓa auna bawan nan naka na rage masa. Kai ba ka rage wa kowa. Ranar da za a kafa mizani, ka auna Yaya Buba da cikakken nauyinsa, ka ƙara masa da rahamarka. Amin.